Jif da tsadar fetur: tambayoyi da amsoshi kan rage shan mai

Kafin 29 ga Mayun 2023, mai jif a Najeriya bai cika damuwa da lita nawa motarsa take sha ba. A ranar ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Tun daga nan tambayoyin da ke ƙasa suke ta maimaituwa a gareji da majalisa da layin gidan mai. Amsoshin sun shafi jif mai amfani da fetur, irin su Highlander, RAV4, CR-V, Lexus RX, Prado da Land Cruiser, waɗanda galibinsu tokumbo ne.

Ta yaya zan tabbatar motata tana shan mai fiye da ƙima?

Da awo, ba da kallon allurar tanki ba. A motoci da yawa allurar takan daɗe a sama, sannan ta gangaro da sauri idan ta wuce rabi. Lissafin "na zuba na dubu ashirin ya yi mini kwana huɗu" shi ma ba ya nuna komai, domin farashin lita yana canzawa, kuma zirga-zirgar wannan makon ba ita ce ta makon jiya ba.

Ka je gidan mai ka cika tanki har bututun ya katse da kansa. Ka mayar da ƙaramin malejin tafiya zuwa sifiri. Ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba, har man ya sauka ƙasa da rabi. Sai ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha. Ka raba kilomitar da ka yi da wannan litar. Misali, ka yi kilomita 360, tanki ya ɗauki lita 48, kenan motarka tana yin kilomita 7.5 a kowace lita. Idan motar 'yar Amurka ce, malejinta da mil yake ƙirga, sai ka ninka da 1.6 kafin ka raba.

Cika tanki a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne, tankin Highlander kaɗai ya haura lita 70. Amma man ba asara ba ne, a motarka yake. Ka maimaita awon sau uku ka rubuta a takarda. Duk abin da za a faɗa a ƙasa, da wannan takardar za ka gane ko ya yi maka aiki.

To lita nawa ya kamata irin tawa ta sha?

Ya danganta da girman inji da nauyin mota. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, tana fitar da alƙaluman shan man motocin da ake sayarwa a can. Idan aka mayar da alƙalumanta zuwa kilomita da lita, RAV4 mai silinda huɗu ta 2009 zuwa 2012 tana yin kusan kilomita 9 a lita a cikin gari, kusan 12 a babbar hanya. Highlander mai V6 ta 2008 zuwa 2013 da Lexus RX 350 ta wannan zamanin suna yin wajen 7.5 a gari, 10 a hanya. Land Cruiser mai injin V8 na lita 5.7 kuwa 5.5 take yi a gari, 7.5 a hanya.

Wannan awon sabuwar mota ne a ɗakin gwaji. Motar da ta shekara goma sha, tana fama da cunkoson Kano ko na Nyanya da Mararaba, esi a kunne, ba za ta kai haka ba. Idan ka samu ƙasa da waɗannan da kaɗan, kada ka tayar da hankalinka. Idan kuma Highlander tana ba ka kilomita 4 ko 5 a lita, akwai abin da ya lalace.

Allon wasu motocin yana nuna MPG, wato mil nawa a galan ɗin Amurka, wanda yake lita 3.8. Ka ninka lambar da 0.425 ka samu kilomita a lita: 20 MPG ita ce kilomita 8.5. Wasu kuma suna nuna lita nawa a kilomita 100, a nan ƙaramar lamba ce mai kyau.

Idan abu ɗaya zan gyara, wanne ne?

Ƙafarka ta dama. Mutane ba sa son wannan amsar, sun fi son a ce su sayi wani abu. Amma Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, wato fizgar mota da taka birki da ƙarfi, yana cinye kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na nisan da mai zai kai ka a babbar hanya, a cikin cunkoso kuma kashi 10 zuwa 40. A lafiyayyar mota, da wuya wani gyara mai araha ya ba ka irin wannan.

Dalilin a fili yake. Jif tana da nauyin kusan tan biyu, wasu sun fi haka. Tayar da wannan nauyin daga tsaye shi ne aikin da ya fi cin mai. Duk lokacin da ka taka birki, gudun da ka saya da fetur ne kake mayarwa zafi a tayoyi. Direban da ya hango danja ta yi ja tun daga nesa ya ɗaga ƙafarsa, motar ta gangara a hankali, sau da yawa yakan isa wutar ta ba da hannu bai ma tsaya ba. Wanda ya ba ta wuta har bakin layi ya ci birki, ya biya kuɗin tafiyar sau biyu, kuma a danja ta gaba za su sake haɗuwa.

Ka tashi a hankali, ka bar giyar otomatik ta riƙa canzawa allurar da ke nuna juyin inji ba ta wuce 2,500 ba. Ka bar tazara tsakaninka da na gaba, ko da mai adaidaita sahu zai kutso ya cike ta. Zai kutso, wannan ba makawa. Ka sake ja baya.

Akwai kuma maɓallai biyu da ake mantawa da su a tsofaffin Toyota da Lexus. Idan ka ga O/D OFF a allo, motar ba ta shiga giyarta ta ƙarshe, injin yana ta kuka a banza. Idan ECT PWR ce a kunne, tana jan kowace giya kafin ta canza. Ka kashe su.

A doguwar tafiya, wane gudu ne ya fi dacewa?

Tsakanin 80 da 100. Daga kusan kilomita 80 a awa shan mai yake fara hawa da sauri, saboda iskar da motar take turewa. Ƙarfin iskar ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: a gudun 130 ya kusa ninki ɗaya da kashi bakwai cikin goma na abin da yake a gudun 100. Jif kuma doguwa ce mai faɗin gaba, ta fi ƙaramar mota jin wannan.

Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. A kan 100 awa biyu da minti ashirin ne, a kan 130 awa ɗaya da minti arba'in da biyar. A takarda ka rage rabin awa. A zahiri shingayen jami'an tsaro da garuruwan hanya da manyan motoci za su cinye yawancin rabin awar, man da ka ƙona dai ya tafi. Dokar hukumar kiyaye haɗura, FRSC, ma 100 ta ƙayyade wa motar gida a tagwayen hanya.

Esi ko buɗe gilashi?

A cikin gari, inda ba a gudu, buɗe gilashi ya fi sauƙin mai. A babbar hanya gilashi a buɗe yana sa iska ta riƙe motar, bambancin sai ya ragu ƙwarai, gara ka rufe ka kunna esi.

Esi yana cin mai, ba ƙarya ba ne. A tsananin zafi da gajerun tafiye-tafiye yana iya cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai ba zan ce wa mai iyali ya kashe esi a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba. Abin da za a iya shi ne a rage masa aiki. Ka nemi inuwa wajen fakin, ka sa abin kare rana a gilashin gaba. Idan motar ta sha rana, ka fara tafiya gilasai a buɗe na minti biyu zafin ya fita, sannan ka rufe ka kunna. Ka danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota, don kada ta yi ta jawo ta waje mai zafi tana sanyayawa. Idan esin bayan mota daban yake kuma babu kowa a can, ka kashe shi.

Na saba barin mota a kunne minti goma da safe kafin in fita. Kuskure ne?

Al'adar zamanin kafireta ce, wato na'urar da take haɗa fetur da iska a tsofaffin motoci marasa kwamfuta. Injin da kwamfuta take sarrafawa daƙiƙa talatin ta ishe shi baƙin mai ya zagaya, daga nan ka tashi a hankali. A tafe inji ya fi saurin ɗaukar zafinsa. Mota a tsaye a silo, wato inji a kunne ba a tafiya, tana ƙona wajen lita ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon girman inji da ko esi yana aiki. Ka haɗa mintocin safe da na jiran yara a ƙofar makaranta da na jiran Hajiya a bakin kasuwa, ka ga abin da ya zama a wata. Tayar da inji mai ɗumi ba ya cin fiye da man daƙiƙa goma na silo, saboda haka idan tsayuwar za ta wuce minti ɗaya kuma ba a tsakiyar titi kake ba, kashewa ta fi.

Bakanikena ya ce a cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan shawarar tana cikin manyan abubuwan da suke sa tokumbo shan mai a ƙasar nan.

Tamostat ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Yana rufe ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, sannan ya buɗe. Kwamfutar motar tana kallon wannan zafin ta hanyar sensa. Muddin ta ga injin bai kai ba, ɗauka take yi yanzu aka tayar da shi, sai ta ƙara masa fetur. Idan aka cire tamostat aka kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba, a safiyar hunturu ko a doguwar hanya ma ba ya kaiwa sam. Mai motar yana murna allurar zafi tana ƙasa, bai san kuɗinsa ne yake tafiya ba. Ƙarin fetur ɗin nan kuma yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya baƙanta fulogi, ya toshe salansa. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai duk da tamostat suke zuwa, can kuwa ba a ba su labarin zafi.

Idan mota tana tafasa, dalili ne da ita: lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake zuba masa, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya gaji, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe. Na ƙarshen maganinsa sabo, ba jefarwa ba. Cire shi gyaran gangar Auzinawa ne. Idan ka sayi mota a hannun wani, ka sa a duba maka ko yana nan. Alama ɗaya mai sauƙi cewa an haɗa fanka kai tsaye: fankar lagireto tana tashi da zarar ka murɗa makulli da safe, esi a kashe.

Wutar cek tana kunne a allo tun da na sayi motar, amma tana tafiya lafiya. Sai na damu?

Tana tafiya, amma ba ka san nawa take ci ba. Wutar tana nufin kwamfuta ta ga matsala ta ajiye lambarta. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da wurin jona na'urar sikanin a ƙarƙashin sitiyari, aikin minti biyar ne. Kada ka yarda a goge lambar kawai, ko a cire ƙwan wutar, ko a liƙe ta da baƙar salatif. Ana yin duk ukun, musamman ga motar da za a kai kasuwa.

Abin da ya fi shafar mai shi ne sensar oksijin da ke jikin salansa. Ita take gaya wa kwamfuta ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan a cikin abin da aka ƙona. Idan ta mutu, kwamfutar sai ta koma ƙiyasi, kuma takan zaɓi yawaitawa don kare inji. Ta biyu ita ce sensar da ke auna iskar da take shiga, wadda ƙura take ɓatawa. Ita wannan sau da yawa feshin wanke ta kawai take buƙata.

Sai matatar hayaƙi da makanikai suke kira indomi. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sace ta, wani lokaci a garejin da ka kai gyara. Idan ta toshe da gaske, motar takan rasa ƙarfi ta kuma sha mai. Amma kafin ka yarda a fasa ta, ka nemi a nuna maka shaidar toshewar, ka kuma tambayi abin da ya toshe ta, domin ba ta toshewa haka kawai.

Iskar taya nawa zan sa?

Abin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. A yawancin jif tsakanin 30 ne da 35. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka take so ba. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke durawa, kuma ma'auninsu ya sha faɗuwa ƙasa. Ka sayi naka, ba shi da tsada, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi.

Taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, amma ba yadda ake zuzutawa ba, ribar gyara ta ba ta cika wuce kashi 3 cikin 100 ba. Babban dalilin kula da ita shi ne rai: a kwalta mai zafi irin tamu, taya mai laushi ita take fashewa. Cika ta fiye da ƙima kuma yana cinye tsakiyarta ya rage riƙon birki. Masu bin rairayi, kamar a hanyoyin arewacin Nijar, suna rage iska da gangan don kada mota ta kafe. Daidai ne, amma da an hau kwalta a mayar.

Wanda ya sa manyan tayoyi masu ƙurji da faffaɗan rim don ado, ya san ya sayi ƙarin shan mai. Malejinsa ma zai riƙa ƙirga ƙasa da abin da ya yi. Haka motar da saitin ƙafafunta ya goce, ko wadda birkinta yake kamawa. Bayan tafiya ka kusantar da hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Idan ɗaya ya fi sauran zafi nesa ba kusa ba, wannan birkin ba ya saki.

Baƙin mai mai kauri bai fi dacewa da zafinmu ba?

Ka duba murfin da ake zuba shi. Yawancin waɗannan injinan 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta musu, lambobin da ke nuna kaurin man. 20W-50 da ake juye wa kowace mota a bakin titi ya yi musu kauri: injin yana wahalar juya shi, kuma na'urar da take daidaita buɗewar bawul, wadda Toyota take kira VVT-i, da matsin baƙin mai take aiki ta ƙananan ƙofofi. Ribar fetur a nan kashi 1 ne zuwa 2, ba yawa. Ribar lafiyar inji ta fi. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ka saya a wurin da za ka iya komawa ka yi magana.

Canza filtar iska da fulogi da wanke nozul fa?

Filtar iska a motar kafireta tana shafar shan mai sosai. A motar da kwamfuta take auna iska, toshewarta ƙarfi take ragewa fiye da mai. Duk da haka ka riƙa duba ta, musamman lokacin hunturu da ga masu bin burji. Kada a huda ta, kada a cire ta a bar wurin haka.

Fulogin iridiyam na asali yana wuce kilomita 100,000, ba abin canzawa ba ne a kowane juye. Matsalar ita ce na jabu a cikin kwali mai kyau. Idan injin yana rawa a silo ko yana shaƙewa in an ba shi wuta, a duba fulogi da koyil. Wanke nozul yana da amfani idan sun toshe, amma an mayar da shi maganin kowace cuta. A yi sikanin tukuna.

Idan na sa mota a firi a gangara, ba na rage mai ba?

A'a. Idan mota tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfuta takan datse fetur gaba ɗaya, tayoyi ne suke juya injin. A firi kuwa dole ta ba shi man silo don kada ya mutu. Ka kuma rasa riƙon inji, nauyin duka ya koma kan birki. A gangaren Hawan Kibo wannan ba abin gwaji ba ne. Kashe injin a gangara ya fi muni, birki da sitiyari duk za su yi tauri.

Kayan da ke cikin but suna da tasiri?

Kaɗan. Kowane kilo 45 yana cin wajen kashi 1 cikin 100. Buhun siminti biyu da aka manta da su mako guda, da jarkoki, da tsohon batir, a sauke su. Abin da ya fi ciwo shi ne lodin saman mota. Kayan da aka ɗaure a kan rufi suna iya cin kashi 10 zuwa 25 a gudun babbar hanya. Masu tafiya gida da Sallah su fara cika ciki, abin da ya rage shi ne na sama, a ɗaure shi ƙasa-ƙasa. In an dawo a kwance ƙarfen ɗaura kayan da ke saman.

Motata mai jan ƙafa huɗu ce. Zan iya kashe biyu?

Ya danganta da irinta. Wasu, kamar 4Runner da yawa da Xterra, suna da 2H da 4H da 4L, wato 2H jan ƙafa biyu, sauran jan huɗu. Waɗannan a kwalta 2H ake barinsu, tafiya da 4H a busasshen titi tana cin mai tana kuma lalata ƙarƙashin mota. Prado da Land Cruiser da yawa kullum da huɗu suke ja, haka aka ƙera su, iyaka ka tabbata makullin tsakiya, wanda yake kulle ƙafafun gaba da na baya su juya tare, ba a kunne yake ba. Kwance sandar da take kai ƙarfi baya don a rage mai dabara ce da ba na goyon baya: nauyin yana nan, ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma a wasu motocin ɓarna take jawowa.

Ana tallar ƙwayar da ake jefawa a tanki da wata na'ura da ake jonawa, wai suna rage rabin shan mai.

Ka riƙe kuɗinka. EPA ta gwada irin waɗannan fiye da 100, da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai da masu juya iska da sauransu, ba ta samu wanda ya yi abin a zo a gani ba. Kamfanonin mota suna kashe biliyoyin daloli don su rage kashi biyu ko uku. Da ƙwayar naira dubu biyar tana rage rabi, da tun daga masana'anta za a saka ta.

Gaskiya ne man safe ya fi auki? Kuma rabin tanki ya fi cikakke?

Tankunan gidan mai a binne suke a ƙasa, zafinsu ba ya wani canzawa tsakanin asuba da azahar. Ka sha mai lokacin da layi ya fi sauƙi. Bambancin nauyin rabin tanki da cikakke kuwa bai wuce na yaro ɗan firamare ba. Abin gudu shi ne yawo kullum da wutar mai a kunne, domin famfon da ke cikin tanki da fetur yake sanyaya. Idan bututu ya katse kuma, kada a yi ta girgiza mota ana ƙarawa har wuya, rarar tana shiga tukunyar gawayin da take tare tururin mai ta lalata ta.

Abin lura na gaske shi ne mita da ingancin man. Ka tabbata an mayar da mita sifiri kafin a fara. Idan takardar awonka ta nuna wani gidan mai kullum litarsa ba ta kai ka inda ta sauran take kai ka, ka canza, kana kuma iya kai ƙara NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan gidajen mai. Man 'yan bumburutu na galan sai dole, ba ka san me aka gauraya ba, ba ka san awon ba. Gurɓataccen mai yakan shigo ta babbar ƙofa ma: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci, janye shi kuma ya jawo dogayen layuka.

In mayar da ita mai amfani da gas na CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya?

Ga mai yawan tafiya, wanda kuma akwai gidan gas kusa da shi, lissafin yana fita, domin gas ɗin ya fi fetur araha sosai a kowace kilomita. Gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman a kansa a 2023. Amma ka fara da tambayar inda za ka riƙa sha. Gidajen sun fi yawa a Abuja da Legas da Benin, a garuruwan Arewa da dama har yanzu ƙalilan ne, ga layi. Tukunyar tana da nauyi, tana cin wuri a but, a jif mai layin kujeru uku sau da yawa layin baya ne yake tafiya. Ƙarfin mota yakan ɗan ragu. Motar tana ci gaba da amfani da fetur idan gas ya ƙare, wannan kam sauƙi ne.

Wurin da ba a neman araha shi ne tukunya. Matsin CNG ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan gas a Benin, hukumomi suka ce tukunyarta haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba. A je cibiyar da take da rajista, a karɓi takardar tukunyar.

Direba ne yake tuƙa ni. Ta ina zan gane ko motar ce ko shi ne?

Kafin zargi, a yi awo. Ka tuƙa da kanka tanki ɗaya, shi ma ya tuƙa tanki ɗaya, a irin hanyoyin da aka saba. Idan bambancin ya yi yawa, ba lallai sata ba ce. Direbobi da yawa suna zama cikin mota da esi a kunne awa biyu suna jiran maigida ya fito daga taro, kuma da wuya ka ga laifinsu idan ba a tanadar musu wurin zama ba. Ka ajiye littafi a mota, a riƙa rubuta maleji da lita a duk shan mai. Wasu masu gida sukan ba direba wani kaso na abin da ya rage a wata, wannan ya fi faɗa aiki.

Ko dai in sayar da ita in sayi ƙarama?

Ka yi lissafi da takardarka. A ce kana yin kilomita 1,200 a wata. A kan 7.5 a lita, lita 160 kenan. Idan gyara da sauya tuƙi suka kai ka 8.5, ka koma 141, ka tsira da lita 19 ba ka sayi komai ba. Ƙaramar mota mai yin 12 za ta sha lita 100, ragin lita 60 a wata. Ka ninka da farashin lita na yau, ka kwatanta da cikon da za ka yi wajen musaya da gyaran da kowace sabuwar tokumbo take zuwa da shi. Mai yawo cikin gari shi kaɗai daga gida zuwa ofis, ƙaramar ta fi masa. Mai iyali takwas da gona a ƙauyen da hanyarsa take yankewa da damina, jif ɗin aiki take yi masa.

Akwai kuma mai haɗin batir da fetur. Highlander Hybrid ta 2011 zuwa 2013 tana yin kusan kilomita 12 a lita a awon EPA, a gari da hanya duka, kuma a cunkoso ne take nuna fifikonta, domin injin yana mutuwa idan an tsaya. Kafin ka biya, a sa na'ura a duba lafiyar babban batirin, a duba fankar da take sanyaya shi ko ƙura ta toshe ta, ka kuma tabbata akwai mai gyaran irinta a garinku.